Ranar Korar Goggo Tela

'YAN GUMI
SHAFI NA 27

Masu damuna da saƙo tun safe, ku sarara mini haka. Na san shafin jiya yana wuyana, ga shi na haɗa da na yau na sauke. Wadda take karantawa ta wuce ba ta ce uffan ba, ita ma ina sane da ita.

*

Tun daga ƙasan bene Goggo Tela ta san yau da magana, don ta jiyo Sakatare yana gyaran murya, irin wanda yake yi in zai karanta doka.

Ta hau a hankali tana dafa bango.

Ofishin Jam'iyyar Masu Gumi ɗaki ɗaya ne a saman shagon fenti. Fanka mai fiffike biyu, jar tutar da ta ɗinka da hannunta, sai hoton marigayi mijinta, Shugaba, yana dariya da giɓinsa a waje. Kujeru huɗu. Su ke nan suka rage a jam'iyyar: ita, da Sakatare ƙanin mijinta mai gyaran agogo, da Mai Aski, da Mai Faci.

Ta yi sallama. Mai Aski ya amsa yana kallon fanka. Mai Faci ya amsa yana kallon takalminsa.

"Wa ya mutu?" ta ce.

"Zauna, Kwamared," in ji Sakatare.

"Au, yau Kwamared ce? Jiya da ka aiko a rage maka ƙugun wando ai matar Yaya ce."

"A nan ba matar Yaya. Ƙara aka kawo."

"Wa ya kawo?"

"Ni."

"Wa zai yi shari'a?"

"Ni."

"To Allah ya ba mai gaskiya haƙuri."

Mai Aski ya ƙunshe dariya har ya ƙware.

Goggo ta zauna tana gyara mayafi, fuska a sake. Ta san dokar, don daga bakinta ta fito tun farko: duk wanda ya ɗauki wani aiki yana biyansa lada, ya zama mai gida, ya fita daga jam'iyya. Ta kuma san ɗayar: in ba a kai mutum huɗu ba, ba taro, ba jam'iyya. Yau in aka kore ta, a sauke tuta, a cire hoton Shugaba daga bango, mai fenti ya zuba gwangwanayensa a ɗakin. Dama ya daɗe yana zawarcinsa.

Sakatare ya miƙe, ya gyara tabarau.

"Yau da safe na biyo ta bayan shagon Kwamared, na ji keke biyu suna kuka a tare."

"Kunnenka ne. Tsufa."

"Ƙafa nawa gare ki?"

"Biyu. Ɗaya wannan keke, ɗaya wancan."

Mai Faci ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa.

"Na leƙa ta taga," Sakatare ya ci gaba. "Na ga wata mata, Maman Biyu ake ce mata, zaune a kan ɗaya keken tana zuba ɗinki, ke kuma kin sauka daga naki kina gefe kina shan iska."

"Da girmanka kake leƙen tagar mata? Kai Mai Aski, ka ji fa, da bakinsa ya faɗa."

"Kar ki juya magana! Wace ce ita?"

"'Yar'uwata ce."

"Ta ina?"

"Ta wajen uwa."

"Ni na yi wa Yaya rakiya neman aurenki. Danginki har kajinsu na sani. Babu wannan."

"Daga baya aka haife ta."

"Kina biyanta ko ba kya biyanta?"

Goggo ta ɗaga kai ta dubi hoton. Ƙarya a gaban Sakatare ba komai ba ce, ta saba tun tana amarya. A gaban wannan giɓin ne ba ta iyawa.

"Ina biyanta," ta ce. "Idona ya daina ganin kafar allura. In bar ta ta yi mini a banza ne?"

"Alhamdu lillahi, ta amsa!" Sakatare ya buga tebur. "Ku shaida."

*

Ku da kuka zo daga baya, ba haka ɗakin nan yake da ba.

Lokacin da aka rufe masaƙa aka watso mutane titi ba ko sallama, a shagon Goggo aka fara zama. Shugaba a kan buhun ƙyallaye, ita tana taka keke tana jefa baki. A nan aka ce kowa ya kawo kayan aikin da ba ya amfani da su, a tara, wanda ba shi da shi ya ara. Wannan ya kawo zarto, wancan ya kawo injin walda, ita ta ba da tsohon kekenta. Aka ce kuma duk mai shiga jam'iyya ya zo da kujerarsa, don ba mai zama a kan gumin wani.

Wayyo, ku ga kujeru! Na roba, na katako, benci, har da wanda ya zo da kujerar mota. Suka cika ɗaki, suka gangara bene, suka tare titi. Aka tsayar da Shugaba takarar kansila a kan keke mai taya biyu, manyan jam'iyyu na dariya, ya kayar da su ƙasa warwas. Ya sa aka ja famfo har layin masu wanki. Ya hana a kori masu tebur daga bakin kasuwa. Ranar da aka rantsar da shi da rigar aiki ya je, da baƙin mai a hannun riga.

Daga nan fa alheri ya fara cin jam'iyya.

Wanda ya ari zarto ya buɗe shago. Aiki ya yi masa yawa, ya ɗauki mataimaki. Doka ta hau kansa. Aka tara mutane, aka ɗora masa kujerarsa a ka, aka raka shi har kwanar layi ana tafi ana guɗa, yana kuka yana dariya. Haka ake kora a Masu Gumi, kamar rakiyar ango.

Mai walda ya bi. Mai burodi ya bi. Matar da take wanki a bakin famfo ta sayi inji, ta ɗauki mata uku, ta bi. Duk wanda jam'iyya ta ɗaga, sai ta kore shi. Zaɓe ya zagayo, aka duba, masu gumi duk sun zama masu gida, kuma doka ta hana ko gudummawarsu a karɓa. Aka sha ƙasa. Shugaba ya koma ga Allah yana cewa ai nasara ce.

Kuma in faɗa muku, cikin waɗanda aka raka kwanar nan, da yawa har yau in sun ga Goggo sai sun durƙusa. Akwai kuma mai shagon katakon da yake ɗauke kai, alhali da zarton mijinta ya tashi. Ba ta manta ba. Ni ma ban manta ba.

*

"Saura ƙuri'a," in ji Sakatare. "Wanda ya yarda a kori Kwamared Tela..."

"Dakata," in ji Mai Faci. "Sakatare, in ta fita mun zama uku fa."

"Na iya lissafi."

"To jam'iyyar fa?"

"Gara ta mutu da tsarkinta."

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Goggo ta gani. Ita ta yi jinyar matarsa har ta tashi, ita ta aurar masa da 'ya'ya mata, ta san ba ƙiyayya ba ce. Mutumin nan tun da Yayansa ya rasu ba abin da ya rage masa sai dokar nan. Amma sanin haka bai sa ta ji za ta ƙyale shi ba.

Ta gyara zama.

"Doka ta ba wanda ake tuhuma magana, ko an soke?"

"Tana nan. A taƙaice."

"Mai Aski."

"Na'am, Goggo."

"Miƙo hannunka."

"Me za ki yi da shi?"

"Miƙo dai."

Ya miƙa. Hannun na karkarwa kamar an jona masa wuta.

"Da wannan kake ɗora aska a wuyan mutane?"

"In na riƙe aska tsayawa yake."

"Wane ne mai jar hular nan da yake aski a shagonka, kai kana ƙofa kana ba mutane labari?"

"Ɗan... ɗan ƙanwata ne."

"Kai kaɗai uwarka ta haifa. Ni na ɗinka maka kayan suna na 'ya'yanka duka, ban taɓa ganin ƙanwa ba."

"Daga baya aka haife ta," in ji Mai Aski a hankali.

Mai Faci ya fashe da dariya har da buga ƙafa.

"Kai kuma dariyar me kake?" Goggo ta juya kansa. "Mutumin da in zai ɗaura igiyar takalmi sai ya kira sunan Allah. Wa yake ɗaga maka tayar babbar mota?"

Dariya ta tsaya.

"Wani bawan Allah ne yake taimaka mini."

"Ƙaton nan mai kama da ƙofa?"

"Don Allah yake yi."

"Kai kuma duk yamma kana cusa masa wani abu a aljihu don Annabi."

"Innalillahi!" Sakatare ya dafe kai. "Ku biyu? Har da ku? Tun yaushe?"

"Tun da bayana ya riƙe."

"Ni tun da na kusa cire wa wani kunne," in ji Mai Aski.

"Kun ci amanar Yaya! Kun ci amanar talaka! Ashe ni kaɗai nake zaune a jam'iyyar nan, sauran duk 'yan jari-hujja ne!"

"Sannu, mai tsarki," in ji Goggo. "Zo nan, ƙanena."

"Ba zan zo ba."

"To tsaya a nan. Ƙarfe nawa yanzu?"

Ya dubi agogon hannunsa. Ya matso da shi. Ya nisanta shi. Ya karkata wajen taga.

"Yamma ta yi," ya ce.

Mai Aski ya zame daga kujera.

"Mutumin da ba ya ganin hannun agogo," in ji Goggo, "shi ne yake ganin 'yan ƙusoshin cikinsa? Kullum da hantsi kana cika aljihu da agogunan mutane, ka zagaya bayan kasuwa wajen gurgun nan mai gilashi a ido. Da la'asar ka karɓo, ka dawo kana hura hanci, wai hannunka albarka."

"Wannan... wannan ba ɗaukar aiki ba ne."

"Mene ne?"

"Haɗin gwiwa ne."

"Wa yake biyan wani?"

Sakatare ya dubi fanka.

"Sunan wa ke jikin allon shago?"

Ya dubi takalminsa.

"Wa ya gaya miki?"

"Matarka. Ranar da ka hana ta zuwa bikin ƙawarta."

Sakatare ya zauna daɓas. Ya dubi hoton Yayansa, hoton na masa dariya. Sai kawai kafaɗarsa ta fara rawa. Tun yana dannewa har ta ƙwace masa, irin dariyar da rabon a ji ta tun Shugaba na da rai. Mai Faci na riƙe da baya yana "wayyo, za ku kashe ni". Goggo hawaye har haɓa. Mai fenti ya buga silin da sanda daga ƙasa, ba wanda ya kula shi.

Da aka lafa, Mai Aski ya share ido.

"To shi ke nan. Kowa ya rufa wa kowa asiri, a ci gaba."

Goggo ta ji sanyi a ranta. Abin da take so ke nan. A yi shiru, tuta ta zauna, hoto ya zauna, duk mako ta hau benen nan ta zauna kusa da shi.

Sakatare ya girgiza kai.

"A'a."

"Haba, Sakatare!"

"Mun raka mutane kwanar can a kan abin da bai kai wannan ba. Mai burodi ɗan wansa ya ɗauka, muka ɗora masa benci a ka. Da wane ido za mu kalle shi?" Ya juyo. "Matar Yaya, ke kika kawo dokar nan. Ke za ki ce a binne ta?"

Goggo ta sunkuyar da kai.

Ta so ta ce tsufa ba arziki ba ne. Ta so ta ce ba riba ta ɗauki Maman Biyu don ita ba. Amma ta san kwanan nan har ɗinki take karɓa fiye da da, tunda akwai mai yi. Ta san wa yake gumi a shagon nan, wa yake shan iska.

"Ba zan ce ba," ta ce. "A kore mu."

"Wa za a fara kora?" in ji Mai Faci.

"Ita, tunda ita aka kawo ƙara."

"In kun kore ni kun zama uku," in ji Goggo. "Uku ba sa taro. Wa zai kore ku? Ku zauna a ciki har abada, ni kaɗai a waje? Wallahi ba ku isa ba."

"Gaskiya ne fa," in ji Mai Aski.

Sakatare ya yi tunani.

"Sai dai a haɗa mu a ƙuri'a ɗaya."

"Wa zai raka mu kwana? Wa zai yi tafi?"

"Mu tafa wa juna."

Ya miƙe, ya gyara murya.

"Wanda ya yarda a kori Tela, da Mai Aski, da Mai Faci, da ni kaina, daga Jam'iyyar Masu Gumi, ya ɗaga hannu."

Nasa ya fara tashi. Na Mai Faci ya bi. Na Mai Aski ya tashi yana kaɗawa kamar yana ban kwana.

Na Goggo ya yi nauyi a cinya. Ta dubi tutar, ta ga inda ta yi mata faci da guntun zaninta. Ta dubi giɓin nan.

"Ka gani ko?" ta ce da hoton. "Kai ka tafi da rigar aikinka. Ni sai da na zama mai gida."

Ta ɗaga.

"Salamu alaikum."

Hannuwa huɗu na sama aka juya.

Maman Biyu ce a ƙofa, da tef ɗin awo rataye a wuya, da zare manne a zani. Bayanta mai jar hula. Bayansa ƙaton Mai Faci, ya cika ƙofa, ya goyo gurgun mai agogo a bayansa don benen.

"Ke! Wa ya bar mini shago?" in ji Goggo.

"Na rufe. Goggo, ku sauke hannu mana, kamar 'yan makaranta."

"Me ya kawo ku?" in ji Sakatare. "Taron sirri ne."

"Baba, sirrin da ka tsaya a bakin titi da safe kana ihu za ka kori Goggo? Har mai rake ya ji. Shi ne na zagaya na kira su."

"Dama kun san juna?"

"Mu da duk ta ƙofar baya ake shigo da mu? A lungu ɗaya muke haɗuwa kullum."

Gurgun ya leƙo ta kafaɗar ƙaton.

"Ina wuni, mai gida."

Sakatare ya kau da kai.

Maman Biyu ta shigo tsakiyar ɗaki, ta tsaya tana kallon tutar.

"Ashe ita ce wannan. Goggo, kullum ina ɗinki kina ba ni labarinta, har na haddace. Kin ce duk mai ci da guminsa, wanda bai ɗauki kowa aiki ba, ƙofa a buɗe take."

"Haka ne."

"Kin ce in an kai huɗu, jam'iyya ce."

Goggo ta dube ta. Ta dubi mai jar hula. Ta dubi ƙaton da abin goyonsa.

"Sakatare," ta ce, "kai ka ce ka iya lissafi."

Sakatare ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

"Ƙuri'armu... ba a riga an sanar da sakamako ba. Taro na nan. Za a iya karɓar sababbi kafin a rufe."

"To karɓe su mana, ɗan nema, kafin mai fenti ya hawo!"

Aka karɓe su ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta manta da gwiwa, ta miƙe ta rangaɗa guɗar da ta sa tantabaru tashi daga taga. Mai Aski ya rungume mai jar hula yana "ɗan ƙanwata, ɗan ƙanwata". Sannan Sakatare ya sanar, da murya mai ƙarfi, cewa an kori tsofaffi huɗu, ba hamayya. Sababbi suka tafa musu har hannu ya yi zafi.

Goggo ta kwance makullin ofis daga bakin mayafinta, ta kama hannun Maman Biyu ta danƙa mata.

"Ki riƙa goge masa hoto. Ba ya son ƙura a giɓi."

"In sha Allahu, Goggo."

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Yau kin biya ni. Taso mu je, kayan makarantar nan na jibge, jibi za a zo karɓa."

Maman Biyu ba ta motsa ba. Ta zare tef ɗin daga wuyanta, ta naɗe shi tsaf, ta miƙa wa Goggo da hannu biyu, har da rusunawa.

"Mene ne wannan?"

"Goggo, mun riga mun yi taronmu na farko a kan bene, muna jiran ku gama dariya."

"Taron me?"

"Ba ranar hutu, ba lokacin tashi, kuma ta ƙofar baya. Ke kika koya mini abin da ake yi wa irin wannan mai gida."

Mai jar hula ya ajiye almakashi a kan tebur. Gurgun ya cire gilashin idonsa ya ajiye kusa da shi.

Goggo ta dafe ƙirji.

"Ke, Maman Biyu! Ni?"

"Ke fa, uwar ɗakina. Daga gobe da safe yajin aiki muke, kuma da shagonki za mu fara."